Tabarau Ga Kyamara: Hanya Mai Araha Ta Ceto Ɗigon Ajami

A rubutun ajaminmu, ɗigo ɗaya yana iya sauya kalma. A salon rubutun Magribi da muka gada, harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya ne a sama. Wasalin "e" ma da ɗigon imala ake nuna shi a ƙarƙashin harafi, shi ne zai gaya wa mai karatu ko sheƙa marubuci yake nufi ko shiƙa. Duk mai nazarin harshe da ya taɓa aiki da hoton tsohuwar takarda ya san takaicin rasa gane ko ɗigo yake kallo, ko kashin ƙuda.

Cibiyoyi irin su Arewa House da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1970, suna iya bakin ƙoƙarinsu. Haka shirin ceto takardun tarihi da Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara a 2004. Sai dai ɗimbin takardunmu suna gidajen malamai ne, cikin gafaka da akwati, inda gara da danshi ba sa jiran kasafin kuɗi. Ɗalibin da ya samu izinin duba su na yini ɗaya yana buƙatar hoton da zai fito da ƙananan alamomi. Gilashin makro, wanda aka ƙera domin wannan aiki, yana kawo abu a kan faifan kyamara daidai girmansa na zahiri, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin ɗalibanmu, har da malamansu.

Masu iya magana kan ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Akwai wani ɗan gilashi da ake murzawa a bakin gilashin kyamara, wanda nake kira tabarau na kyamara, domin aikinsa ɗaya da tabarau ɗin karatu na dattawa, wato ba ido damar ganin abu na kusa. Da lamba ake auna ƙarfinsa: +1, +2, +4, har +10. Lissafin ba wuya. A raba mita ɗaya da lambar, abin da ya fito shi ne iyakar nisan da kyamara za ta gani tangaran. Mai +2 santimita 50 ne, mai +4 santimita 25, mai +10 kuwa santimita 10. Girman da abu zai fito ya danganta da tsawon gilashin kyamarar. Idan aka ɗora +4 a kan mai milimita 50, abu zai fito kashi ɗaya cikin biyar na girmansa, a kan mai milimita 200 kuwa kashi huɗu cikin biyar. Saboda haka dogon gilashi ya fi cin moriyarsa. Wata fa'idar ita ce ba ya rage haske, saɓanin bututun da ake sawa tsakanin kyamara da gilashinta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a zauren da hasken ƙofa kaɗai ake da shi.

To amma araha ba ta ado. Mafi arha daga cikinsu falle ɗaya ne, kuma ba ya tara launuka wuri guda, sai a ga ja ko shuɗi ya zagaye bakin harafi. Ga takardar da aka rubuta baƙaƙenta da baƙar tawada, wasulanta da ja, wannan illa ce babba, domin tana iya ɓata shaidar da ake nema. Shawarata ita ce a daure a sayi mai falle biyu ko fiye, irin su Raynox DCR-250 mai ƙarfin +8 ko Marumi DHG Achromat, waɗanda aka haɗa domin gyara wannan matsala, kuma duk da haka ba su kai gilashin makro tsada ba. A duba faɗin bakin gilashin kyamara kafin saye, ko 52 ne, ko 58, ko 67. A tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, a kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, a sa abin da ake so a tsakiyar hoto, domin gefe-gefe yakan yi dishi-dishi.

Wannan dishi-dishin ne ya sa ba zan ce a ɗauki cikakken shafi da shi domin adanawa ba. Shafi a ɗauke shi da gilashin kyamara kawai, sannan a murza tabarau a bi kalmomin da ake shakka, da bayanan gefe, da sunan mai kwafi.

Ina kira ga sassan nazarin harsuna da tarihi na jami'o'inmu da su tanadi irin wannan gilashi ko da guda biyu ne, su koya wa ɗaliban digiri na biyu da na uku amfani da shi kafin su fita bincike. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, ɗigon da gara ta ci kuwa ba mai dawo da shi.