Abin da za a tambayi likita idan ya ce mesoteliyoma ce

Mesoteliyoma ciwon daji ne da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wani lokaci kuma na ciki. Babban sanadinsa shaƙar ƙurar asbesto ne, irin wanda ke cikin tsofaffin kwanon rufi da silin. Yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana, shi ya sa yakan kama kafinta ko magini bayan ya daɗe da barin aiki.

'Yan'uwa, tasowa daga Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar zuwa asibitin Gumel, sannan a tura mutum Asibitin Malam Aminu Kano, tafiya ce mai cin kuɗi. Kada ku dawo ba ku tambayi waɗannan ba:

1. An tsinki nama an gwada, ko hoto kawai aka duba?
2. Ciwon ya bazu? Zuwa ina?
3. Maganin na warkarwa ne, ko na rage wahala?
4. Nawa ne kuɗinsa, sau nawa za mu dawo?
5. In ruwa ya taru a ƙirji, za a iya zuƙe shi a Gumel?

Ku tafi da wanda zai rubuta amsoshin, domin mai jin tsoro yakan manta.