ZAKARAN ƘEƘUWA DA DANGINSA: YADDA MASANA KE RARRABA SU

Duk wanda ya saba bin gaɓar Madatsar Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, ko ya ke ratsa fadamu da faƙon ƙasar Kurfi, ya san waɗansu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da gajeren baki da manyan idanu. Halinsu ɗaya ne wajen kiwo: su ruga da gudu, su tsaya cik, su sunkuya su tsinci ƙwaro, sa'an nan su sāke rugawa. Manyansu su ne Hausawa ke kira zakaran ƙeƙuwa. Amma sunan nan ɗaya ya rufe iri fiye da ɗaya, ga kuma waɗansu ƙanana waɗanda yawancin mutane ba su san suna da dangantaka da shi ba.

MATAKAI HUƊU NA ASALI

Yadda a ke bin asalin mutum daga ƙabila zuwa zuriya zuwa gida, haka masana ke bin asalin tsuntsu. Matakin sama shi ne dangi. Sunan wannan dangi Charadriidae, yana da iri fiye da 60 a duniya. Ƙarƙashin dangi akwai zuriya, ƙarƙashin zuriya akwai iri, watau tsuntsayen da ke barbara da juna su haifi irinsu. Kadan iri ɗaya ya bazu cikin ƙasashe masu nisa da juna, har na ko wane yanki ya ɗan bambanta wajen girma ko launi, amma da za su haɗu da sun hayayyafa, to, ko wane ana kiransa reshe.

Wani masani mutumin Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita ƙa'idar ba dabbobi suna cikin 1758. Ko wane iri yana da suna na kalma biyu da Latin, ta fari ta zuriya, ta biyu ta iri. In an ga kalma ta uku, sunan reshe ke nan. Amfanin wannan shi ne malamin Katsina da na Masar su tabbata tsuntsu ɗaya su ke magana a kai.

MANYA: ZURIYAR VANELLUS

Iri uku sun fi kyautuwa a san su.

1. Vanellus spinosus. Kansa da ƙirjinsa baƙaƙe, kumatunsa da gefen wuyansa farare tas, ƙafafunsa baƙaƙe. Yana da ƙaya a gwiwar fiffike, da ita ya ke kai wa maƙiyi hari. Ba ya nisa da ruwa. Ko da ya ke ana samunsa tun daga Senegal har Girka da Turkiyya, ba a raba shi reshe reshe ba.

2. Vanellus tectus. Wannan yana da ɗan siririn tukku, da jajayen ƙafafu, da 'yar jar tsoka gaban ido. Busasshen fili ya ke so, watau ƙeƙuwa sosai, ya kuma fi kai da kawowa da dare. Reshensa biyu ne. Na ƙasar nan, tectus, ya kama daga Senegal zuwa Habasha. Ɗayan, latifrons, yana Somaliya da gabashin Kenya, farin goshinsa ya fi faɗi.

3. Vanellus senegallus. Ya fi biyun can girma. Ana gane shi da dogayen tsokoki rawaya da ke reto a gefen bakinsa, ƙafafunsa ma rawaya ne. Fili mai ciyawa da laima ya ke nema. Reshensa uku: senegallus a Afirka ta Yamma, major a Habasha da Eritiriya, lateralis daga gabashin Afirka zuwa kudu.

ƘANANA: 'YAN GIDA DA BAƘI

Ƙananan ba su fi kurciya ba, yawancinsu ma ba su kai ta ba. Cikinsu akwai wanda a ke kira pecuarius, ɗan Afirka ne, a nan ya ke ƙwai. In ya hangi abin tsoro, sai ya tura rairayi da ƙafa ya rufe ƙwansa kafin ya tashi.

Waɗansu kuwa baƙi ne, suna sauka bayan damina su koma kafin wata ta faɗi. Biyu daga cikinsu sun yi kama ƙwarai, ko wane da zobe a wuya. Dubius yana da rawayan zobe kewaye da ido, ba shi da farin layi a fiffike. Hiaticula ya ɗan fi shi kauri, in ya tashi sai a ga farin layi. A nan ne sanin reshe ke da amfani. Reshen dubius da ke zuwa Afirka shi ne curonicus, wanda ke ƙwai a Turai da arewacin Asiya. Na hiaticula kuwa akwai tundrae, mai ƙwai can ƙarshen arewacin Turai da Saibiriya. Ashe sunan reshe yana faɗin ƙasar da baƙo ya fito.

Akwai kuma forbesi, mai yin sheƙa bisa falalen duwatsu. An sa masa sunan William Forbes, wani masanin dabbobi na Ingila da ya rasu a Shonga, bakin Kwara, cikin 1883.

KAMA DA WANE BA WANE BA CE

Da can da ido a ke rarrabawa, a auna baki da fiffike, a dubi launi. Yanzu an ƙara da binciken ƙwayoyin halitta, shi ya sa sunaye ke sākewa. Ladin kogi, tsuntsun nan mai kyau na rairayin manyan koguna, Linnaeus ya sa shi cikin zuriyar Charadrius. Daga baya aka fitar da shi, yau yana da danginsa shi kaɗai, Pluvianidae. Haka kuma wani ƙaramin iri mai suna alexandrinus, an daɗe ana ɗaukar na Amurka reshensa ne, sai cikin 2011 masanan Amurka suka amince iri ne dabam, nivosus. Pecuarius ma an ɗauke shi daga Charadrius an mai da shi zuriyar Anarhynchus. Wannan ba ruɗu ba ne, gyara ne da ƙarin sani ya kawo.

ME YA SHAFI MANOMI DA MAKIYAYI?

Ba a iya kiyaye abin da ba a iya ƙidaya ba, ba a kuwa iya ƙidaya abin da ba a bambance ba. In an haɗa iri uku cikin suna ɗaya, ɗaya yana iya ƙarewa ba wanda ya farga, gama ana ganin sauran biyun. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar kiyaye tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a Hague cikin 1995, aikinta kuwa bisa irin wannan ƙidaya ya ke.

Tsuntsayen nan ƙwari da tsutsotsi su ke ci, ba su ɓarnar hatsi. Ba su da sheƙa a itace, ɗan gurbi su ke yi a ƙasa, ƙwansu kuwa ba ya wuce huɗu, launinsa kamar na tsakuwa. Tun da aka gama Madatsar Zobe bisa kogin Karaduwa cikin 1983, gaɓarta ta zama mahaɗar masunta da makiyaya da masu noman rani da tsuntsaye. Saboda haka:

Kadan zakaran ƙeƙuwa ya tasar wa mutum da kuka yana shawagi bisa kansa, ƙwai ko 'ya'ya na kusa. A kauce, a karkatar da dabbobi.

Kada a wanke tankin feshi a bakin ruwa, gama nan su ke kiwo.

Iyaye da malaman makaranta su hana yara kwasar ƙwai da harbinsu da danƙo. Maimakon haka a koya musu duban abu uku: launin ƙafa, da fuska, da wurin da tsuntsun ya tsaya. Yaron da ya iya wannan ya iya bambance iri ukun nan tun daga nesa.