Maganin da ake zubawa cikin baƙin mai: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Manoma, yau zancenmu na injin da ke aiki wata uku ko huɗu a shekara ne, sauran watanni yana ajiye. Tarakta takan yi huɗa da farkon damina, sai ta koma rumfa. Injin ban ruwa na masu albasa a Galmi da Birnin Ƙonni yakan tashi bayan kaka, ya huta in an cire albasa. Kamyon ƙungiya ma bai cika motsi ba sai lokacin kwasar amfanin gona. Masu irin waɗannan injuna sun sha tambayata game da wani ɗan gwangwani da ake sayarwa wurin masu kayan mota, wanda ake cewa "moli". Wai in an zuba shi cikin baƙin mai, inji ba ya lalacewa ko ya shekara a ajiye. To, bari mu duba gaskiyar maganar.

Cikakken sunansa molibdenum disulfaid, a jikin gwangwani za ku ga an rubuta MoS2. Daga dutse ake haƙo shi. Haɗi ne na wani ƙarfe mai suna molibdenum da farar wuta. In an niƙa shi, yakan zama gari baƙi mai santsi, kamar bakin fensir. Shi ne cikin baƙin giris da makanikai ke shafa wa gaɓoɓin ƙafar mota. Ƙwayarsa falle-falle take kamar takardun da aka jera, kowane falle yana zamewa kan ɗan'uwansa. In ya manne jikin ƙarfe, ƙarfe biyu sai su gogi juna ba tare da sun ci juna sosai ba. Kamfanin Liqui Moly na ƙasar Jamus, wanda aka kafa a 1957, da wannan gari ya yi suna.

Ga inda yake da amfani. Injin da ya daɗe a tsaye, mai yakan tsiyaye daga sama ya taru a ƙasa. Ranar da aka tada shi, akwai ɗan lokaci kafin mai ya kai ko'ina, kuma a nan ne ƙarfe ke cin ƙarfe. In moli ya riga ya manne jikin ƙarfen, yana rage wannan ci. Ke nan sai inji ya yi aiki da shi tun kafin a ajiye, domin mai ya zagaya da shi.

Amma fa gari ne, ba ya narkewa cikin mai. In inji ya yi wata takwas bai motsa ba, wani sashensa yana iya kwantawa a ƙasa. Shi ya sa ake girgiza gwangwanin sosai kafin a zuba. Kuma ba maganin tsatsa ba ne, ba ya kuma mai da tsohon mai sabo.

Na ga wannan da idona a wani lambu. Ƴan ƙungiya sun gama ban ruwa, man injinsu ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri. Kuɗin sabon mai ke hannunsu, sai suka sayi moli da su, suka zuba kan tsohon man, suka rufe ɗaki. Da lokacin dashe ya zo, inji ya tashi da hayaƙi, bai yi sati ba ya tsaya. Makaniki ya buɗe, ya tarar da tsatsa da daƙiƙin mai. Kafin a kawo kayan gyara daga Maraɗi, rabin dashen ya bushe. Laifin ba na moli ba ne. Tsohon mai yana ɗauke da toka, da ruwa, da tsami mai cin ƙarfe, su ne suka kwana cikin inji wata da watanni.

Saboda haka, ga abin da za ku yi ranar da aiki ya ƙare:

1. Ku yi juye tun inji yana da ɗumi, ku zuba sabon mai irin wanda littafin injin ya faɗa. In yana da matatar mai, ku sake ta.
2. In kuna son moli, ku zuba bisa awon da ke jikin gwangwani, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na man. Ƙari ba ya ƙara kome sai ɓarnar kuɗi.
3. Ku tada inji ya yi minti 10 zuwa 15, mai ya zagaya.
4. Ku share matatar iska, ku toshe bakin salansa da tsumma saboda ƙurar hunturu da zanzaro. Ku cire batir ku ajiye a inuwa.
5. Ranar tashi, ku cire tsumman, ku duba awon mai, ku bar inji ya yi ɗumi a hankali kafin ku ɗora masa aiki.

Akwai wurin da ba a zuba shi ko kaɗan. Yawancin moto da muke hawa, kulocinsu cikin man inji yake wanka. In moli ya shiga, kuloci yana iya zamewa, kuna ba da wuta moto ba ta ja. Haka nan man giya na taraktar da birkinta ke cikin mai. Sabon inji mai garanti kuwa, ku tambayi wanda ya sayar muku tukuna. Ku sani kuma yawancin mai mai kyau na yanzu an riga an haɗa shi da magungunan kare ƙarfe tun daga masana'anta.

In kuɗin ƙungiya sun isa abu guda kawai, ku sayi sabon mai. In da saura, kuma injinku tsoho ne mai tsayawa watanni, moli ba zai cuce shi ba. Wanda bai gane irin injinsa ba, ya kawo littafin ga malamin gona na yankinsa su duba tare, tun kafin a rufe ɗakin ajiya.