Tagua da Takakia: Ɗaya an ce ya ƙare, ɗaya an ɓata mata dangi

Wanda ya ga hoton tagua zai rantse gadu ne, irin wanda ake gani a gandun dajin W. Amma ba danginsu ɗaya ba. Gadu da alade ƴan gidan Suidae ne, shi kuwa tagua, ɗaya daga cikin dabbobin da ake kira fekari, ɗan gidan Tayassuidae ne da ke nahiyar Amurka. Yana rayuwa a busasshen dajin Gran Chaco da ya ratsa Paraguwai, Bolibiya da Ajantina, yana cin kaktus bayan ya mirgina shi a ƙasa da hanci ƙayar ta zube.

A 1930 masana suka ba shi suna daga tsofaffin ƙasusuwa, suka ɗauka ya daɗe da ƙarewa. Sai a 1975 Ba'amurke Ralph Wetzel ya sanar wa duniya cewa yana nan da ransa a Paraguwai. Mafarautan yankin dai sun jima da saninsa, ba wanda ya tambaye su ne kawai. Yau ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa, mataki ɗaya ƙasa da barewar adaks ta Termit. Ana share dajinsa don kiwon shanu, ana kuma farautarsa.

Takakia kuwa gansakuka ce, ƴar uwar korayen nan da ke lulluɓe katanga da damina. An fara samo ta a tsaunukan Himalaya a ƙarni na 19, aka jefa ta cikin wani rukunin tsirrai na daban. Fiye da shekara 100 tana can, har farkon shekarun 1990 da aka gano sassanta na haihuwa a tsibiran Aleutian na Alaska, aka tabbatar gansakuka ce ta gaske.

Binciken da mujallar Cell ta wallafa a 2023 ya nuna asalinta ya kai shekara miliyan 390, ta girmi Himalayan kansa nesa ba kusa ba. A tudun Tibet, inda zafi ke ƙaruwa, tana raguwa da kusan kashi 1.6 cikin ɗari kowace shekara.

Tagua yana da yarjejeniyar CITES da ta haramta cinikinsa, ana kuma kiwonsa a gidajen namun daji don kada irinsa ya ɓace. Gansakuka ba ta da irin wannan gatan. Cikin dubban nau'o'inta, ƙalilan ne aka taɓa tantance halin da suke ciki.