Tes Ɗan Aike Ne, A Koya Masa Sallama

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk shekarun da ta yi tana yi ban taɓa ganin ta kasa kaya a kasuwa ba. A tsakar gida take tuyarta, mu yara mu ne ƙafafunta. Idan mai ya fito sai ta kira ɗayanmu ta ba shi saƙo, amma ba ya fita sai ta tsayar da shi a bakin ɗaki ta ce, "To, idan ka je me za ka ce?" Sai ka maimaita mata: in yi sallama, in jira a amsa, in durƙusa in gaishe da Hajiya, in ce Inna ce ta aiko ni, wai mai ya fito, kwalba nawa za a kawo. Idan ka tsallake gaisuwa sai ta maido ka farko. Tana cewa duk abin da yaro ya yi a gidan mutane, uwarsa ce ta yi.

Na tuna da wannan ne kwanan baya, da wani matashi mai shago a Kantin Kwari ya tambaye ni ko raini ne ɗan kasuwa ya riƙa tura wa abokan cinikinsa tes. Yana da manyan kwastomomi, wasu sun haife shi, yana jin nauyin aika musu rubutu a waya, alhali maƙwabcinsa kusan rabin cinikinsa a WhatsApp yake ƙarewa. Na ce masa tes ɗan aike ne. Ba wanda ya taɓa cewa aike haramun ne a ciniki. Abin dubawa shi ne wane yaro ka aika, wane gida, da wane saƙo, kuma a wane lokaci.

Yaron nan ma ba daɗewa ya yi a cikinmu ba. A watan Disamban 1992 wani injiniya mai suna Neil Papworth ya tura tes na farko a Ingila, mu kuma sai a 2001 wayar GSM ta shigo Najeriya. Zuwa 2018 kamfanin WhatsApp ya fitar da manhaja ta musamman don 'yan kasuwa. Cikin wannan ɗan tsakani tes ya karɓe aikin da yara irinmu suke yi. Matar da a da sai ta nemi yarinyar talla, yau daga ɗakinta take sayar da turaren wuta da atamfa da cincin har wani gari. Wannan alheri ne, domin yarinyar da za ta wuni a titi da faranti tana iya wuni a makaranta.

Akwai saƙon da tun asali na ɗan aike ne: gajere, tabbatacce, wanda ba ya buƙatar ja-in-ja. Tela ya sanar cewa ɗinki ya kammala. Bakanike ya ce an gama mota, ga abin da aka canza. Mai shago ya ce shaddar da aka yi cigiya ta iso, ko an ɗora kaya a tasha, ga lambar direba. A irin wannan tes ya ma fi kira ladabi, don kira yana tsinke wa mutum abin da yake yi, ko yana aji, ko yana wurin ɗaurin aure, ko yana bisa babur. Tes kuwa yaro ne mai haƙuri, zai zauna a zaure har maigida ya fito.

Ya kuma fi mu da abu ɗaya: ba ya mantuwa. Sau nawa yaro ya tafi da kwalba biyu a baki ya isa da uku? Rigimar kasuwa da yawa daga nan take tashi, wannan ya ce buhu hamsin aka yi, wancan ya ce arba'in, kowa yana rantsuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Don haka dillalin da ya gama magana da mai saye a kasuwar Dawanau, sannan ya bi da tes mai ɗauke da adadin buhu da farashi da ranar biya, bai nuna rashin yarda ba. Zumuncinsu ya tsare, domin ranar da ƙwaƙwalwa ta ruɗe, rubutu zai raba gardama ba tare da an je gaban kowa ba.

Inda ake samun matsala shi ne tarbiyyar yaron. Za ka ga saƙo ya faɗo daga baƙuwar lamba: "slm ykk kaya sunzo". Ba sunan mai aike, ba sunan wanda aka aika wa, ba a faɗi wane kaya ba. Wannan yaron ya banko ƙofa ne ya tsaya a tsakar gida yana ihu. A da akwai uzuri, lokacin da tes ɗaya bai wuce haruffa 160 ba, kuma kowane ɗaya sai an cire maka kuɗi, ga maɓallan da sai ka danna sau uku kafin harafi ya fito. Yau babu wannan uzuri. Cikakkiyar sallama ba ta cin ko sisi. "Assalamu alaikum Alhaji, an wuni lafiya? Daga shagon ɗinki na bakin masallaci ne. Kayanku sun kammala, duk lokacin da aka samu dama a aiko." Dattijon da ya karanta wannan zai ji an girmama shi. Faɗin suna kuma ya zama dole a zamanin da 'yan damfara ke turo saƙo da sunan banki suna neman lambar sirri. Mutane sun koyi tsoron baƙon da bai faɗi daga inda yake ba, kuma suna da gaskiya.

Sai lokaci. Inna ba ta taɓa aikenmu gidan mutane da tsakar rana ko bayan isha'i ba. Suratun Nur ma ta ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Waya tana kwana kusa da matashin kai. Wanda ya tura wa matar aure tallan atamfa ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya shiga ɗakin da ko ɗan'uwanta ba zai shiga a wannan lokaci ba, kuma yana iya jawo mata tambayar da ba ta ji ba ta gani ba.

Haka nan ba kowane gida ake aika yaro ba. Muna zuwa gidajen da suka saba sayen manmu ne, waɗanda suka ce idan ya fito a sanar da su. Wanda ya ba ka lambarsa don a kira shi idan mota ta iso, bai ba ka izinin cika masa waya da hotunan kaya kullum safiya ba, balle ka jefa shi cikin zauren WhatsApp inda ɗaruruwan baƙi za su ga lambarsa. Yawan saƙonnin talla ne ya sa a 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442, wadda mai layi zai tura wa saƙo a toshe masa su. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ba mutum haƙƙin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla. Amma tun kafin hukuma, al'ada ta riga ta yanke hukunci: sallama uku ce, idan ba a amsa ba sai ka juya.

A san kuma halin gidan. Akwai attajirin da ke juya miliyoyi amma ajami yake karantawa, akwai tsohuwar da sai jikanta ya dawo makaranta zai karanta mata, ka ga sirrin cinikinta ya fita ke nan. Irin waɗannan saƙon murya ko kira ya fi musu. Sai dai lambar asusu da adadin kuɗi a rubuta su, don kunne yana kuskure. Kuma idan kwastoma ne ya aiko nasa yaron, a amsa masa. Tunda manhajar WhatsApp tana nuna an karanta, shirunka tamkar mutum ne yana sallama a zaure, yana jin motsin kwanuka a ciki, amma ba wanda ya ce masa "wa'alaikumus salam". Ko "na gani, zan duba bayan la'asar" ya wadatar.

Akwai kuma saƙon da ba a ba yaro ko da ya fi kowa ladabi. Wata rana wata maƙwabciya ta maido mana da mai, ta ce ya yi ɗaci. Inna ba ta aiki kowa ba. Ta jira aka yi magariba, ta yafa mayafi, ta sa na riƙe mata fitila, ta je da sabuwar kwalba a hannunta. Sun daɗe a ɗaki, suka fito suna dariya, matar nan kuma ba ta daina sayen manmu ba har Inna ta bar sana'a. Shekaru bayan haka, ana jibi Sallah, wani tela ya ƙona mini shadda da dutsen guga, sai ya turo mini layi ɗaya cewa an samu matsala, in yi haƙuri. Asarar shaddar ba ta yi mini ciwo kamar layin nan ba. Da ya kira na ji nadama a muryarsa, da na yafe nan take, domin tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Rubutu ba shi da fuska. Kalmar "haƙuri" a allon waya, mai karatu ne yake sa mata murya, kuma wanda ransa ya ɓaci muryar raini zai sa mata. Ban haƙuri, da tunin bashin da ya daɗe, da sanar da tsohon kwastoma cewa an fasa alkawari, da ta'aziyya idan an yi masa rashi, duk waɗannan na ƙafa ne, in ya gagara na murya. A nan ne Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi aike.

Abin da na faɗa wa matashin nan ke nan: ya tura tes ɗinsa, kada ya ji nauyi, Alhazan nan ma suna son a sauƙaƙa musu. Amma kafin ya danna, ya tsayar da yaron a bakin ƙofa ya tambaye shi abin da zai ce idan ya je. Ya karanta saƙon a ransa kamar yana durƙushe a gaban mutumin. Idan ya ji akwai sallama, akwai suna, magana ta fito sarai, lokaci kuma ya dace, ya sake shi ya tafi. Idan kuwa ya ji maganar ta yi wa yaro nauyi, ya ajiye wayar ya nemi takalminsa.