Yadda Ake Auna Gudu

Jama'a, kun taɓa ganin 'yan makarantar sakandare a filin ƙwallo, ɗaya yana gudu, ɗaya kuma yana riƙe da agogo? Kada ku ce wasa suke yi. Darasi ne na kimiyyar da ake kira fiziks. Suna koyon yadda ake auna gudu.

Abu biyu ake bukata: nisan tafiya, da lokacin da tafiyar ta ci. Ana auna nisa da mita ko kilomita. Mita 1,000 su ne kilomita ɗaya. Lokaci kuwa da daƙiƙa da minti da awa ake auna shi. Daƙiƙa 60 minti ɗaya ne, minti 60 kuma awa ɗaya.

Malami zai auna mita 100 a fili. Yaro ya ruga, ya kai ƙarshe cikin daƙiƙa 20. Sai a raba 100 gida 20, a sami 5. Wato yaron yana cin mita 5 a kowace daƙiƙa. Gudunsa ke nan.

Kai ma za ka iya wannan lissafi. A ce daga ƙauyenku zuwa kasuwa kilomita 10 ne, ka taka da ƙafa cikin awa 2. Raba 10 gida 2. Saurinka kilomita 5 ne a awa.

To, ina amfanin sanin wannan? Ga shi. Idan malejin mota ya nuna 100, tana cin kilomita 100 a awa ke nan. A daƙiƙa ɗaya tak za ta ci kusan mita 28. Kafin ka ƙirga huɗu ta ƙare tsawon filin ƙwallo. Motar da ka hango can nesa, kafin ka kai tsakiyar titi ta iso.

Ita kuma mota ba ta tsayawa nan take. Idan direba ya ninka gudunsa, nisan da za ta ci bayan ya taka birki zai ninku har sau huɗu. Shi ya sa dokar hanya a Nijeriya ta hana wuce kilomita 50 a awa a cikin gari.

Saboda haka, mazauna bakin titi, a yi hattara. Kada a yi tsere da mota wajen tsallakawa, ko da dabbobi ko da yara. A bari ta wuce tukuna. Idan ɗanka ya dawo daga makaranta, ce masa ya gwada maka wannan awo a ƙofar gida.