Wace Irin Gada Karaye da Rogo Ke Buƙata?

Duk wanda ya ga hoton gadar Maputo zuwa Katembe a Mozambik, wadda aka buɗe a 2018, zai so a yi wa yankinsu irinta: hasumiya biyu, manyan igiyoyin ƙarfe, ga titi a rataye tsawon mita 680 babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Sai dai larura ce ta sa aka yi ta haka, domin mashigin teku ne da manyan jiragen ruwa ke bi, ba a son abin da zai tare musu hanya. Kogin Chalawa ba haka yake ba. Tun 1992 aka datse shi a ƙasar Karaye, kuma abin da ke yawo a kansa bai wuce kwalekwalen masunta ba. Rafukan da ke ratsa hanyoyin Karaye da Rogo kuwa, da rani yashi ne zalla, mai jaki ma ya tsallaka. A irin wannan wuri gadar kankare mai ƙafafu ita ce daidai, ga araha, ga sauƙin gyara.

Wani zai ce ai ƙafafun ne ambaliya ke tumɓukewa, don haka gara gadar da ba ta taɓa ruwa. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma laifin ba na ƙafa ba ne, na tushe ne. Ruwa mai gudu yana kwashe yashin da ke gindin ginshiƙi a hankali, kuma idan ba a kai tushen ga ƙasa mai tauri ba, damina ɗaya mai ƙarfi ta isa. Masu tifa da ke haƙar yashi dab da gada suna taya ruwan aiki. Haka kwalbatin da shara da ciyawa suka toshe: ruwa ya rasa mafita, ya haye kwalta, ya cinye bakin titi. Ita ma gadar igiya tana son fenti da bincike kullum, in ba haka ba tsatsa ta cinye ta, wanda kuwa ya gaza yashe kwalbati da wuya ya iya wannan ɗawainiya.

Manomin Rogo mai lodin rake ko masara, burinsa motarsa ta isa titin Gwarzo ko na Zariya a watan Agusta. Saboda haka masu unguwanni da dagatai su hana ɗibar yashi kusa da gada, ma'aikatar ayyuka kuma ta duba gindin kowace gada kafin ruwan farko.